Zaman Laraba na Masu Hawa da Sauka

Shekarar da aka samu 'yancin kai ni tela ne a Bagudo. Ina da rumfa a bakin kasuwa, da keken ɗinki mai ƙafa wanda maigidana ya bar mini sa'ad da idonsa ya yi rauni. Ina da mata, da ɗiya guda tana rarrafe. A wannan shekarar ce ciwona ya fito fili.

Da tutoci abin ya faro. Hedimastan elementare ya kawo mini yadi kore da fari, ya ce in ɗinka wa yara ƙananan tutocin da za su riƙe ranar biki. Da na hau keke sai na ji wani irin daɗi da ban taɓa ji ba. Ƙafata ba ta gajiya, barci ya daina zuwa, ni kuma ban neme shi ba. Na gama na yara, yadi ya ƙare, na je gida na tsaga farar rigata ta Salla, na haɗa da koren zanen matata na ci gaba. Duk wanda ya tsaya bakin rumfa sai na riƙe shi da magana, ina gaya masa zan ɗinka tutar da za a shimfiɗa daga wannan gaɓar Kwara zuwa waccan, kowane jirgi ya bi ta ƙarƙashinta. Da fari mutane dariya suke yi, suna cewa tela ya fi kowa murna. Da suka ga na fara cire wa mutane riguna a jiki don in auna su, sai dariyar ta tsaya. Ranar bikin ina ɗaure da igiya a zauren yayana, daga can nake jin gangunan.

Bayan wannan sai na faɗi. Ba suma ba, kwanciya kawai. Na juya wa ƙofa baya na fuskanci bango har rani ya shigo. Ɗiyata takan hau jikina tana ja mini kunne, ina jin ta, amma ɗaga hannu in taɓa ta ya fi ƙarfina. An yi mini rubutu na sha, an yi turare, an kawo saiwoyi daga ƙasar Borgu. Ba na raina ko ɗaya, don da ƙauna aka yi su. Na tashi na koma rumfa, mutane suka ce an warke. Da damina ta zagayo, abin ya dawo sak, hawan da saukar duka.

A lokacin aka turo sabon malamin asibiti ɗakin shan maganin garinmu. Banufe ne, gajere, mai sanyin magana, Hausarsa tana da ɗan karkace. An ce ya taɓa aiki a wani babban asibitin masu taɓin hankali can Kudu. Matata ce ta ja ni wurinsa. Ya yi mini tambayoyin da ba wanda ya taɓa yi mini: yaya barcina yake kafin abin ya zo, me nake ji a jikina, wane ne ya fi wuya tsakanin tashin da kwanciyar. Ya ba ni wata ƙwaya mai busar da baki da sa nauyin jiki. Likitocin yanzu baifola suke ce wa ciwon, amma shi bai ba shi suna ba. Cewa kawai ya yi ya san shi, ya ga masu shi da yawa, kuma ba ni kaɗai ba ne ko a nan ƙasar Bagudo. Ya ce in zo ran Laraba bayan azahar, bayan asibiti gindin maɗaci, akwai waɗanda yake so mu zauna tare.

Na ce masa to, amma a hanya na gaya wa matata ba inda za ni. Wanda ya gan ni zaune cikin mahaukata, wa zai sake kawo mini ɗinki? Sai da muka kai ƙofar gida ta amsa.

"Ai duk garin ga sun ga sa'adda anka ɗaure ka," in ji ta. "Mi ya rage da za ka ɓoye? Tahi ka ji abin da za a ce."

Na tafi. Mutum uku na tarar a gindin maɗacin, Malam na huɗu. Akwai mai jirgi, Badende, wato ɗan ƙabilar masu Dendanci, haifaffen Lolo da ke zaune a bakin ruwan Bagudo, ƙato mai faɗin ƙirji, na san shi da gani. Akwai wani dattijo manomi daga Sharabi, ya zo bisa jaki, kansa a sunkuye. Sai wata tsohuwa daga Geza mai sayar da busasshen kifi, ta zauna can gefe a kan 'yar kujerar da ta zo da ita. Inna muka riƙa ce mata tun daga ranar. Malam ya gaishe mu, ya ce ba wa'azi ya tara mu ya yi mana ba, so yake kowa ya faɗi yadda nasa yake zuwa. Muka yi ta kallon tururuwa.

Inna ce ta gaji da shirun. Ta ce ita dai in nata zai zo, sai ta wayi gari tana jin duk mutanen Geza 'ya'yanta ne kuma yunwa suke ji. Sai ta fasa rumbu, ta ɗora tukwane, ta yi ta rabon tuwo gida gida tana waƙa, kwana da kwanaki ba ta runtsa ba. In ya sake ta kuma, ko ƙwaryar furarta ba ta iya ɗagawa, ta riƙa jin ita ce mafi ƙasƙancin abin da Allah ya halitta. Ta ce abin da ba ta taɓa gaya wa kowa ba shi ne, farkon nasa daɗi gare shi, daɗin da in an ce ta zaɓa da wuya ta ce a raba ta da shi.

Wannan maganar daɗin ita ce na fi ɓoyewa, don ina ganin in na faɗe ta za a ce da gangan nake yi. Ban san sa'ad da bakina ya buɗe ba, na ba su labarin tutoci tun daga farko har zauren yayana. Da na kai kan tutar da za ta rufe Kwara, mai jirgi ya tuntsire da dariya har da buga cinya, ya ce da na gama ta da shi ne zai ja mini bakinta zuwa waccan gaɓar, don shi ma a wannan shekarar ciwon ya hau da shi sama. Ni ma na yi dariya. Tun da abin ya same ni ban taɓa dariyarsa ba sai ran nan. Mai jirgin ne ya ce ciwon namu hawa da sauka ne, sunan kuwa ya zauna. Dattijon Sharabi bai ce uffan ba har muka tashi, amma Larabar gaba shi ya riga kowa zuwa.

A hankali muka yi wa zaman ƙa'idoji, ba wanda ya ɗora mana su. Abin da aka faɗa gindin maɗaci a nan yake tsayawa. Ba a katse mai magana, sai in ya fara zuba irin ta hawa, to sai Inna ta ɗaga masa hannu. Malam ba ya yawan magana. Tambayarsa ɗaya ce da ba ta sauyawa, yakan bi mu ɗaya bayan ɗaya ya ce, "Barci fa?" Da farko na ɗauka gaisuwa ce. Daga baya muka gane duk ɗinmu barci ne ke fara gudu kafin hawan ya iso.

Kowa ya koyi gane alamunsa, kuma yawanci wani ne ke nuna masa. Mai jirgi ne ya lura ni in zan hau sai in daina son farin yadi, in riƙa cusa wa dattawa masu kala. Na koma gida na gaya wa matata, muka yi yarjejeniya: duk ran da ta ga haka, ta cire igiyar keke ta ɓoye, ni kuma ba zan tambaye ta ba. Ta cire ta sau da yawa a rayuwarmu. Wani lokaci na yi fushi, amma ban taɓa karya yarjejeniyar ba. Inna ta ba surukarta makullin rumbu. Dattijon Sharabi kuwa hawansa kaɗan ne, saukarsa ce mai zurfi. Sai da aka daɗe kafin ya gaya mana akwai ranar da ya je bakin ruwa ba da niyyar dawowa ba, kukan jakinsa ne ya juyo da shi. Bayan haka, in muka ga Laraba ta wuce bai zo ba, mai jirgi yakan ajiye aikinsa ya tafi Sharabi, ya zauna ƙofar ɗakinsa yana gyaran taru yana ba shi labarin kifi, ko da ba a amsa masa.

Gari bai bar mu ba. Majalisar mahaukata ake ce mana. Yara sukan leƙo ta bayan danga, matasa masu zaman bakin hanya sukan tambaye ni me aka zartar yau. Lokacin siyasa ce ta yi zafi, 'yan jam'iyyu kusan duk taron da suka yi sai an fasa wa wani kai. Mai jirgi yakan amsa musu cewa tamu majalisar dai ba a taɓa tashi da sanda ba. Ɗinkina ya ragu na ɗan lokaci, daga baya ya dawo, don mutane sun ga shekara ta zagayo ban tsaga rigar kowa ba.

Muna cikin haka aka yi wa Malam canjin wurin aiki. Ya gaya mana a zaman ƙarshe, ya ce ƙwaya za mu ci gaba da samu wurin wanda zai gaje shi, zaman kuwa namu ne tun asali, shi tabarma kawai ya shimfiɗa. Ba mu yarda da maganarsa ba. Larabar farko bayan tafiyarsa na je ne don kada a ce ban je ba, sai na tarar da su ukun suna zaune, kowa da irin tunanina. Sabon malamin asibiti yaro ne mai kirki, aiki ya yi masa yawa, ya ce mu zauna abinmu. Inna ta gyara zama ta dube ni.

"Tela, kai ka fi mu iya baki. Tambaye mu barci."

Na tambaye su. Haka zaman ya ci gaba.

Bayan kaka ne mai jirgi ya fara hawa. Ya zo zama da sabuwar hula ja, idanunsa suna ƙyalli, ya ce ya ji labarin injin da ake ɗaura wa jirgi a ƙasar Dahome, tsallaken iyaka, zai je ya kawo, daga nan ba wanda zai ƙara biyan kuɗin fito a Kwara, kyauta zai riƙa ɗaukar kowa. Na tambaye shi barci, ya ce barci na ragwaye ne. Inna ta ɗaga masa hannu bai tsaya ba. Ta ce masa a hankali, "Ɗana, ka fara hawa." Bai taɓa yi mana fushi ba sai ran nan. Ya miƙe ya ce hassada muke yi masa, mun saba da zama gindin itace kamar awaki, shi ya warke. Muka bi shi har bakin ruwa muna lallashi, ya tura jirginsa ya tafi.

Laraba ta zo ta wuce babu shi. Sai ga matarsa a rumfata da goyo, fuska duk ta kumbura da kuka. 'Yan kasuwar da suka dawo daga Lolo ne suka kawo labari. Sun ce ya ci kasuwar Lolo yana raba wa mutane kayan da aka ba shi ya kai wa masu su, daga nan ya haye ɓangaren Dahome. A wani ƙauyen masunta ya kwance jiragen mutane ya ce duk nasa ne, aka taru aka kayar da shi, yanzu yana can a mari, ƙarfe a ƙafa. Danginsa na Lolo sun ce a bar shi can har ya huce, sun gaji.

Na aika aka kira Inna da dattijo, muka haɗu ba ranar zama ba. Ni dai shawarar da na zo da ita ita ce mu roƙi wani babba ya aika. Dattijon Sharabi, wanda in ya yi magana sau ɗaya a zama mun gode Allah, shi ya ɗago kai.

"Aike ba shi kwance mari," ya ce. "Ni za ni. Wanda ya iya shi biyo ni."

Matata ta ji tsoro, kuma tana da gaskiya. Tafiya da taro da rashin barci su ne abincin ciwona. Ta yi ta jujjuya maganar, a ƙarshe ta ɗaure mini ƙwayata a bakin zane, ta je da kanta ta damƙa wa Inna amanata. Malamin asibiti ya ba mu ƙwayar mai jirgi, ya gaya mana yadda za mu ba shi, ya haɗa mana da maganin miki don ya san abin da mari ke yi wa ƙafa.

Muka shiga jirgin 'yan kasuwa mai zuwa Lolo. Tafiyar gaba da ruwa ce, da gora ake turawa, sai da muka kwana a hanya. Cikin jirgin akwai waɗanda suka san mu, na ga suna matsawa suna ba mu fili fiye da yadda muke bukata. Inna ta kwance ƙunshinta ta raba wa kowa kifi, ta ce kada su damu, wannan rabon na lafiya ne. Kafin mu isa har an fara hira da mu.

Daga Lolo da ƙafa muka ƙarasa. Iyaka a wancan zamanin ba wani abu ba ce, hanya ce ta bi cikin gonakin dawa, sai wani ya nuna maka dutse ya ce daga nan Dahome ce. Mutanen can da na nan dangi ne, Dendanci ɗaya suke yi. Inna ta iya shi saboda cinikin kifi, ita ta riƙa tambaya har muka iso ƙauyen da hantsi.

Mun same shi ƙarƙashin wata rumfar kara a bayan gidan mai gari. An sa masa mari an haɗa da gungumen itace. Ƙafafunsa sun kumbura, ƙarfen ya ci fata, ƙudaje na bi. Muryarsa ta dishe amma bai daina magana ba. Da ya gan mu ya zage mu tas, ya ce mun zo kallo. Ban ga laifin mutanen ƙauyen ba. Jiragensu su ne abincinsu, kuma na ga ƙwaryar tuwo da ruwa a gefensa, ba su bar shi da yunwa ba.

Aka kai mu gaban mai gari, wani tsoho mai jin Hausa, mutane sun cika zauren. Muka faɗi muka yi gaisuwa. Ya tambaya ko mu danginsa ne. Na ce a'a. Ya ce to maƙwabta, ko iyayen gidansa? Na ce ba ko ɗaya. Ya ce to mu su wa ne da za mu zo mu ce a kwance mutumin da ƙarti suka sha wuya kafin su kayar?

Tun da ciwon nan ya same ni ban taɓa faɗinsa da bakina a gaban baƙi ba.

"Ranka shi daɗe," na ce, "ciwonmu guda da shi. Ni ma an taɓa ɗaure ni. Wagga tsohuwa da wanga dattijo duk haka. Mun san inda shike yanzu, don mun je can mun dawo."

Aka fara gunaguni a zauren. Mai gari ya dube mu ɗaya bayan ɗaya, ya tambaya cikin raha yadda za a yi masu ciwo uku su tafi da na huɗu. Inna ta amsa masa da Dendanci. Daga baya ta gaya mini cewa ta yi ya dube mu da kyau, mun yi tafiyar ruwa da ta ƙasa mun iso ƙofarsa da sallama, in ya ga alamar hauka a jikinmu ya sa a ɗaure mu tare da shi. Ba kwancewa muka roƙa yanzu ba, a ba mu tabarma kawai mu zauna da shi. Ya sa aka kawo.

Muka shimfiɗa a gaban mai jirgi muka zauna yadda muka saba, Inna a gefe. Ya yi ta zuba, injin, jirage, yadda zai haɗa Dahome da Nijeriya da Nijar su zama kasuwa guda, mu kuma muna saurare. Mutanen gari sun kewaye mu daga nesa. Da rana ta take ya fara sassautawa, dattijon Sharabi ya matsa kusa, ya jawo ƙwaryar ruwa, ya kama ƙafar da ke cikin marin ya fara wanke mikin. Mai jirgi ya fizge, dattijo ya sake kamawa. Yana wankewa yana magana ƙasa ƙasa, maganar da ta fi duk wadda na taɓa ji daga bakinsa tsawo. Ya tuna masa zaman da ya riƙa yi a ƙofar ɗakinsa a Sharabi. Ya ce duk labaran kifin nan yana jin su, ko da bai amsa ba, kuma akwai ranar da ba abin da ya hana shi komawa bakin ruwa sai sanin cewa akwai ƙato zaune a ƙofa. Ya ce yau shi ma ya zo ya zauna, kuma ba zai tashi ba.

Mai jirgi ya yi shiru, karon farko tun isowarmu. Na ce masa, "Barci fa?"

Ya dube ni. Ya ce rabonsa da barci tun kafin ya bar Bagudo, kansa kamar ana kaɗa ganga a ciki, ya gaji, amma abin ya ƙi tsayawa. Dattijo ya miƙa masa ƙwayar a tafin hannu. Ya daɗe yana kallonta kafin ya ɗauka.

Ba a ranar ya sauko ba. Mun yi kwanaki a ƙauyen. Wani lokaci ya san mu, wani lokaci ya koma zagi. Muka raba zaman a tsakaninmu don kada a bar shi shi kaɗai, Inna kuma ta tsare ni da nawa barcin kamar jariri, in lokaci ya yi ko ana tsakiyar hira sai ta kore ni. Na ga matan ƙauyen da tsummokaran yara, na ari allura na yi ta yi musu faci don hannuna ya samu abin yi. Da mai jirgi ya yi barci mai nauyi ya farka ya nemi fura, ya kuma tambayi matarsa da ɗansa, muka koma wurin mai gari. Ya zo da kansa ya yi magana da shi, sannan ya aika aka kira maƙeri. Da aka cire ƙarfen, mai jirgi ya nemi a kai shi wurin masu jiragen da ya kwance, ya ba su haƙuri yana ɗingishi. Wani daga cikinsu ne ma ya ɗauko mu a jirginsa, muka jawo na mai jirgi a baya.

Dawowa bin ruwa ne, ba wuya. Ƙwayar ta sa masa nauyi, yana zaune tsakanina da dattijo yana gyangyaɗi, amma lokaci lokaci yakan buɗe ido ya ce wa matuƙin ya kauce, akwai yashi a gaba. Labari ya riga mu isa Bagudo. Da muka doso mashaya na ga mutane tsaye, sun zo ganin yadda za a fito da shi a ɗaure. Jirgi ya tsaya. Ya miƙe da kansa, ya ɗauki ƙunshin Inna ya ɗora a kafaɗa, ya miƙa mata hannu ta sauka, sannan ya taka tudu da ƙafafunsa masu ɗaurin tsumma ya yi wa jama'a sallama. Suka amsa. Na bi bayansu ina tafe ina kallon kowa cikin ido. Na yi ɗinkin da aka yaba, na aurar da 'ya'ya, na je Makka daga baya, amma ban taɓa jin kaina ya kai inda ya kai a wannan 'yar tafiyar daga bakin ruwa zuwa ƙofar gidansa ba.

Saukarsa ta biyo baya kamar yadda muka sani za ta zo, mai tsanani kuwa, saboda kunyar abin da ya yi a Lolo. Muka karɓi ƙofar ɗakinsa bi da bi har ya tashi. Ba wanda ya warke a cikinmu, ba na so a ɗauka haka. Ni kaina na sake hawa bayan nan, na sake sauka. Sai dai ba a ƙara ɗaure ko ɗayanmu ba.

Sunan majalisar mahaukata bai mutu ba, amma masu faɗinsa ne suka fara zuwa rumfata da magana ƙasa ƙasa: akwai ƙanena, akwai matar ɗana, ko za a bar su su zo ran Laraba? Tabarma ɗaya ta daina isarmu. Ba duk wanda aka kawo ne mai irin ciwonmu ba, waɗansu mukan ce a wuce da su babban asibiti. Da mata suka yi yawa, Inna ta ware musu nasu zaman a gidan wata ƙawarta, ta riƙe shi har ƙarfinta ya ƙare. Dattijon Sharabi ya rasu a ɗakinsa da tsufa, 'ya'yansa kewaye da shi, mu muka yi masa wanka.

Mai jirgi bai taɓa sayen injin ba. Ya koma gorarsa, ya daɗe kafin 'yan kasuwa su sake ba shi kaya, amma sun ba shi. Da ɗiyata ta isa aure, wani ɗan Lolo ya nema aka ba shi. Dangin matata suka kawo sunayen masu jirgi da za su kai amarya, na ce ina da nawa. Wata gwaggon matata ta ja ni gefe ta tambaya ko na manta wane ne. Na ce na fi kowa saninsa. Ranar tafiya ya wanke jirginsa ya shimfiɗa sababbin tabarmi, aka loda gado da tasoshi da ƙwarya, amarya da ƙawayenta suka shiga suna kuka suna waƙa. Ya kai su Lolo lafiya, ko ludayi bai jiƙe ba, ya kwana biyu can wurin danginsa ya dawo mana da goron biki.